Ɗan kasuwa a kujerar mulki: musun da aka yi a kan Juha Sipilä na Finland

Injiniya Bala: Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya a shagon gyaran waya muka kaure da musu ni da wani abokina, shi ya dage wai duk ƙasar da take so ta gyaru to ta nemo ɗan kasuwa ta damƙa masa mulki kawai, tunda ya san zafin nema bazai yi almubazzaranci ba. Sai na tuna da wani mutum ɗan Finland, Juha Sipilä, don shi ne misalin da na fi sani na wanda ya taso daga kamfani ya haye har kujerar firaminista. An haife shi 1961, ya karanta injiniya a jami'ar Oulu can arewacin ƙasar ya gama 1986. Ya shiga wani ƙaramin kamfani mai suna Solitra, suna ƙera kayan cikin na'urorin sadarwa, irin ɗan ƙarfen nan da ke tace siginar waya kada wannan ta shiga cikin waccan. Ya zama manaja, daga manaja ya zama mai kamfanin, a 1996 ya sayar wa wani kamfanin Amurka ADC ya zama miloniya yana ɗan shekara 35. Bayan nan ya buɗe nasa kamfanin zuba jari Fortel Invest, ya kuma shugabanci kamfanin fasaha na Elektrobit daga 2002 zuwa 2005. Bai shiga majalisa ba sai 2011 yana da shekara hamsin, shekara ɗaya tal aka ba shi shugabancin jam'iyyar Centre, 2015 ya zama firaminista. Tambayata ita ce, waɗanda suka san labarinsa, kasuwancin nan ya taimake shi a mulki ko shi ya kayar da shi?

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam Injiniya. Daga shiga majalisa zuwa firaminista shekara huɗu? Kai wannan ai ba tafiya yayi ba, tashi sama yayi

Na Oulu: Hhhh Baban Hanifa ka faɗi gaskiya ba ka sani ba, mutumin matuƙin jirgin sama ne da lasisinsa, akwai tafiye-tafiyen aiki da shi da kansa ya ja jirgin yana firaminista. Ni karatu ya kawo ni garin nan kuma Kempele inda yake da gida a lokacin nan kusa ne da Oulu, don haka sunansa baya ɓata a hirar mutane. Amma kafin a yanke masa hukunci a fara duba halin da ya tarar. Kun san Nokia dai, babu wanda bai riƙe 3310 ko mai tocila ba a cikinmu. To Nokia ita ce ƙashin bayan ƙasar a wancan lokacin, da iPhone da Android suka zo suka kwashe kasuwa sai ta durƙushe har ta sayar wa Microsoft ɓangaren wayoyinta, aka kammala cinikin 2014. Garin Oulu na cikin waɗanda suka fi jin jiki, injiniyoyi da yawa suka rasa aiki. Ga masana'antar takarda tana ja da baya don mutane sun koma karanta jarida a waya, ga rikicin Rasha da Turai a 2014 ya taɓa cinikin da suke yi da maƙwabciyar tasu, tattalin arziki ya yi shekara uku yana tsuke wa. Kuma kuɗinsu yuro ne, ba su da ikon karya darajarsa kamar yadda suke yi da can lokacin da suke da nasu kuɗin. Mutane sun gaji da 'yan siyasa masu dogon turanci, sai ga wani yazo yana magana kamar mai gyaran inji, ga matsala ga maganinta ga ranar gamawa. Jam'iyyarsa ta ci kujeru 49 cikin 200, ita ce ta ɗaya.

Kwamared Sale: To ai nan matsalar take Malam. Ƙasa ba inji bace. Inji in ka ɗaure noti baya kuka, ɗan adam kuwa yana da baki yana da ƙungiya yana da ƙuri'a. Ku tambayi ma'aikatan Finland abin da ya musu. Wata huɗu bai cika a ofis ba, ran 18 ga Satumba 2015 aka yi yajin aiki jiragen ƙasa da bas suka tsaya, mutane wajen dubu talatin suka cika filin tashar jirgin ƙasa ta Helsinki, saboda yace in ƙungiyoyin ƙwadago basu yarda an rage tsadar aiki ba to zai yi doka ya tilasta. A ƙasar da aka saba gwamnati da masu kamfani da ƙungiyoyin ma'aikata su zauna su uku su daidaita, shi yazo da salon ni ne mai gida.

Injiniya Bala: Amma Kwamared ai daga baya sun daidaita ko?

Kwamared Sale: Sun daidaita a 2016 amma da wuƙa a wuya. Abin da aka sa wa hannu shi ne kowa ya ƙara awa 24 na aiki a shekara ba tare da ƙarin ko sisi ba, aka daskarar da albashi shekara guda, aka ɗauke wani kaso na kuɗin fansho da inshora daga kan masu kamfani aka ɗora wa ma'aikata, sannan ma'aikatan gwamnati aka zabtare musu kashi 30 na alawus ɗin hutu har shekara uku. Su waye ma'aikatan gwamnatin nan? Nas-nas ne da malaman makaranta da masu renon yara da masu kula da tsofaffi, yawanci mata masu ƙaramin albashi. Miloniya ya zauna yana lissafi ya ga ai minti shida ne kawai a rana, eh minti shida ne, amma kuɗin hutun fa?

Maman Sadiq: Allah ya saka maka Kwamared. Ni nas ce kuma wlh duk inda aka ce za a tsuke bakin aljihu a duniyar nan kanmu ake farawa, bansan dalili ba. Ko a Turai ashe haka ne

Alhaji Ɗan Maraɗi: Hajiya a yi haƙuri, bari in shigo ta ɗaya gefen don naga an taru an yi wa mutumin nan taron dangi. Ni ɗan kasuwa ne, shekara ashirin da wani abu ina harkar kaya. In kayanka sun fi na maƙwabcinka tsada to ko ka rage kuɗin da kake kashewa ko ka rufe shago, babu ta uku. Finland tana gasa ne da Jamus da Suwidin, kuma aikinsu ya fi tsada. Mutumin yace zai kai yawan masu aiki kashi 72 cikin ɗari, lokacin suna wajen 68, aka yi ta masa dariya wai mafarki yake. Kafin ya sauka an kai 72 ɗin. Sama da mutum dubu ɗari suka samu aiki a ƙasar da duk jama'arta miliyan biyar da rabi ne. Bashin ƙasa in aka auna shi da arzikinta ya daina hawa ya fara sauka. Ku faɗa min ɗan siyasa nawa ne zai faɗi lamba a bainar jama'a ya ce ku kama ni da ita? Wannan tarbiyyar kasuwa ce, a kasuwa ba a cin bashin baki.

Kwamared Sale: Alhaji ranka ya daɗe, a shekarun 2016 zuwa 2018 ai duk Turai ce ta farfaɗo ba Finland kaɗai ba. Damina tayi kyau kowa ya samu hatsi sai wani yace takinsa ne

Alhaji Ɗan Maraɗi: To da damina tayi kyau wanda bai yi shuka ba me ya girba? Kai dai baka son a yabi mai kuɗi ne kawai hhh

Na Oulu: Ku biyun kowa na da tasa gaskiyar, har masana tattalin arzikinsu sun rabu a kan kaso nawa ne nasa kaso nawa ne na kasuwar duniya. Amma maganar ba a cin bashin baki Alhaji, a nan kam akwai gyara. Kafin zaɓen 2015 shugabannin jam'iyyu har da shi sun yi wa ɗalibai alkawarin ba za a taɓa kuɗin ilimi ba, har hotuna aka ɗauka suna riƙe da takardar alkawarin. Da aka kafa gwamnati aka ce za a rage kashe kuɗi da wajen yuro biliyan huɗu, ilimi na cikin waɗanda suka sha wuƙa, jami'o'i suka sallami ma'aikata, aka rage tallafin ɗalibai. Har yau in ka ambaci sunansa a cikin jami'a sai ka ga wasu sun ɓata rai.

Ummu Aisha: Ni abin da na sani game da shi ɗaya ne, shi ne wanda yace 'yan gudun hijira su zo su zauna a gidansa ko? Na tuna an yi ta yaɗa labarin a lokacin

Na Oulu: Shi ne Anti. Satumba 2015, shekarar da mutane sama da dubu 32 suka nemi mafaka a Finland, yawancinsu daga Iraƙi, da yawa ta kan iyakar Suwidin suka shigo nan arewa. Ya fito a talabijin yace gidansa na Kempele ba kowa tunda aiki ya mayar da shi Helsinki, za a iya saukar da masu neman mafaka a ciki. Daga baya dai ba a saukar da kowa ba, aka ce saboda tsaro, gidan ya riga ya shahara. Kuma gwamnatin tasa ce dai ta tsaurara dokokin mafaka bayan nan, don cikin abokan haɗakarsa akwai jam'iyyar Finns masu adawa da shigowar baƙi.

Ummu Aisha: Allah sarki. Ko ba komai niyya tayi kyau

Kwamared Sale: Niyya ko talla?

Ummu Aisha: Kai Kwamared ka ji tsoron Allah, zuciyar mutum ka shiga? Mutumin da ɗansa ya rasu ana saura wata biyu zaɓe a shekarar nan, kuma an san shi da riƙo da addininsa, ba abin mamaki bane zuciyarsa tayi laushi. Ba komai ne siyasa ba

Kwamared Sale: Na janye wannan Anti, ban san da rasuwar ba. Amma sauran maganata tana nan

Ɗan Autan Gida: Ni fa ku yi haƙuri zan ɗan karkatar da hira, wai da gaske ne yana da mota mai tafiya da itace?? Wani ne ya faɗa min na ce ƙarya ne

Injiniya Bala: Gaskiya ne Auta, kuma abin da ya fara jawo hankalina gare shi kenan. Tsohuwar Chevrolet El Camino ce ya juya ta da hannunsa, ya raɗa mata El Kamina, kamiina a yarensu murhun ɗumama ɗaki ne. Ba wai itacen ake cusawa a inji ba. Akwai tukunyar ƙarfe a bayan motar, ana zuba guntayen busasshen itace a kunna amma a hana shi isasshiyar iska, to maimakon ya ci da wuta ya zama toka sai ya riƙa fitar da wani gas mai kamawa, a sanyaya shi a tace kwalta da ƙura sannan a tura cikin inji a madadin fetur. Ba sabuwar dabara bace, lokacin yaƙin duniya na biyu da fetur yayi wuya motoci da yawa a Finland da haka suka yi ta tafiya. Ƙarfin motar yana raguwa kuma sai ka jira tukunya tayi zafi kafin ka tashi. Da irin wannan fasahar aka yi wata 'yar unguwa ta gidaje goma a Kempele da ke samar da wutarta da ɗuminta daga itace, shi ma da hannunsa a ciki.

Ɗan Autan Gida: Kai! Da tsadar man nan ai sai mu gwada

Injiniya Bala: Su kashi uku cikin huɗu na ƙasarsu daji ne Auta. Kai ina ka ga itacen? Kuma gas ɗin guba ne, a rufaffen wuri kashe mutum yake ba wari ba komai, kar ka soma

Malam Lauya: Salam. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma naga har yanzu ba a taɓo wurin da ni nake ganin shi ne zuciyar tambayar Injiniya ba. Wuri biyu ne.

Na farko maganar Terrafame. Akwai wata mahaƙar nikel a Sotkamo da ake kira Talvivaara, ta yi ta samun matsala har gurɓataccen ruwanta ya ɓalle a 2012, kamfanin ya karye, gwamnati ta karɓe ta ta hannun kamfaninta Terrafame. A Nuwamba 2016 gwamnatin Sipilä ta amince a ƙara zuba yuro miliyan 100 a ciki. Ba a jima ba gidan rediyo da talabijin na ƙasa Yle ya ba da labarin cewa wani kamfanin ƙarfe Katera Steel ya samu kwangilar kusan rabin miliyan daga Terrafame, kuma kamfanin na danginsa ne, 'ya'yansa ma suna da kashi biyar ta hanyar Fortel Invest ɗin nan da ya bar musu. To a nan ne wahalar ɗan kasuwa take, ko ka miƙa dukiyarka ga 'ya'ya ai bata bar gida ba. Mai binciken koke-koke na majalisa ya duba a farkon 2017 yace bai saɓa doka ba, wannan a faɗe shi don adalci. Amma abin da ya ɓata shi ba kwangilar bace, fushinsa ne. A daren da labarin ya fita ya yi ta aika wa 'yar jaridar saƙon imel kusan ashirin yana ƙorafin ba a ba shi isasshen lokacin amsawa ba, har yace ya daina ganin girman gidan. Bayan nan shugabannin sashen labarai suka dakatar da wasu rahotanni a kan batun, 'yan jarida biyu suka ajiye aiki, babban editan ma ya tafi a 2017, kuma Finland da ta yi shekaru tana ta ɗaya a jerin 'yancin jarida na duniya ta sauko ta uku a shekarar. Manajan kamfani in an rubuta abin da bai so ba zai iya ɗaga waya ya yi faɗa, ba wanda zai ce komai. Firaminista kuwa gidan da yake wa faɗan da harajin jama'a yake tafiya kuma majalisa ce ke sa ido a kansa, saƙonsa ko da bai yi nufin barazana ba nauyinsa daban.

Alhaji Ɗan Maraɗi: Malam Lauya kwangilar rabin miliyan fa, kuma an wanke shi. A wasu wuraren ai wannan kuɗin shayi ne, ko jarida baza ta ɗauka ba

Malam Lauya: Haka ne Alhaji, shi yasa nasu ya bambanta. Kuma ka lura an bincike shi yana kan kujera ba bayan ya sauka ba.

Na biyu shi ne wanda ya kayar da shi, gyaran harkar lafiya da jin daɗin jama'a, su suna ce masa sote. A lokacin ƙananan hukumomi ne wajen 300 ke ɗauke da asibitoci da kula da tsofaffi, wasu ƙauyuka ne masu mutum dubu biyu da rabinsu tsofaffi, basa iya ɗaukar likita. Kowa ya yarda sai an haɗe su an yi manyan yankuna, gwamnatocin baya sun gwada sun kasa. Shi yazo yace zai gama. Jam'iyyarsa ta mutanen karkara ce tana son yankuna da yawa, 18, don iko ya zauna a yankunan da take da ƙarfi. Abokiyar haɗakarsa National Coalition ta 'yan birni da masu kamfani ce, ita so take a buɗe wa asibitocin kuɗi ƙofa, mara lafiya ya zaɓi inda zai je gwamnati ta biya. A Nuwamba 2015 har yayi barazanar rushe gwamnati, sai aka yi ciniki, ku ba mu yankunanmu mu ba ku kasuwarku.

Na Oulu: Abin dariya su a yarensu irin wannan yarjejeniyar cinikin saniya suke ce mata, kuma haka jaridu suka yi ta kiranta

Malam Lauya: To cinikin saniyar nan ne ya ci su. Finland bata da kotun tsarin mulki ta musamman, kwamiti ne a cikin majalisa ke duba kowace babbar doka kafin a zartar, yana kiran farfesoshin shari'a su ba da ra'ayi, kuma in yace gyara to sai an gyara. Kwamitin nan ya yi ta dawo musu da dokar, musamman ɓangaren asibitocin kuɗi, yana cewa bata tabbatar da kowane ɗan ƙasa zai samu kulawa daidai da kowa ba. A gyara a kawo a sake mayarwa, har lokaci ya ƙure. A kamfani in ka haɗa yarjejeniya da abokin hulɗa kun sa hannu magana ta ƙare. A nan kuwa akwai na uku da bai ci ladan cinikin ba kuma ba ka da ikon korarsa. Ran 8 ga Maris 2019, saura sati biyar zaɓe, ya je wurin shugaban ƙasa na lokacin Sauli Niinistö ya miƙa takardar murabus ɗin gwamnati gaba ɗaya. Dama takensa tun farko shi ne ko a ga sakamako ko mutum ya kama gabansa.

Baban Hanifa: Wallahi wannan ya burge ni. Mutum ya kasa cika alkawari ya sauka da kansa ba wanda ya tura shi. Ko a nan aka tsaya ai ya ci a sara masa

Kwamared Sale: Baban Hanifa saura sati biyar fa. Kuma ya ci gaba da zama a ofis a matsayin riƙon ƙwarya har watan Yuni. Wane irin sauka ne wannan? Kamar ɗan haya ne ya ce ya tashi ana gobe kuɗinsa zai ƙare. 'Yan adawa ma a lokacin cewa suka yi wasan zaɓe ne

Baban Hanifa: Ko na kwana ɗaya ne dai ya furta da bakinsa cewa na kasa. Kai ka taɓa jin wannan kalmar a bakin mai mulki?

Maman Sadiq: To zaɓen ya ya kasance? Mutanen da aka samar wa aiki sun saka masa?

Na Oulu: Ina fa Hajiya. Daga kujeru 49 suka dawo 31, kashi 13.8 na ƙuri'u, rabon da jam'iyyar ta ga irin wannan faɗuwar tun kusan shekara ɗari. Mutanen karkara da suka zaɓe shi gani suka yi ya koma yi wa masu kuɗin birni aiki. Akwai kuma wata doka ta 2018 da ta ƙona masa ƙuri'u sosai, wai mara aikin yi in bai nuna ya yi aiki na awa 18 ko ya shiga wani horo a cikin wata uku ba za a rage masa kashi 4.65 na tallafi. A takarda abin yayi kyau, amma mutumin da ke ƙauyen da babu ko shago biyu ina zai samo aikin awa 18? Sama da mutum dubu ɗari suka sa hannu a soke ta, gwamnatin da ta biyo baya ta soke. Abin mamaki gwamnatin nan tasa ce kuma ta gwada raba wa marasa aiki mutum 2,000 kowanne yuro 560 duk wata ba sharaɗi ba tambaya a 2017 da 2018, don a ga ko zai sa su fi neman aiki. Sakamakon bai nuna wani babban bambanci a samun aiki ba amma waɗanda aka ba sun ce hankalinsu ya fi kwanciya. Hannun dama na bayarwa ba sharaɗi hannun hagu na ƙwacewa da sharaɗi, duk a lokaci guda.

Injiniya Bala: Wannan kam halin injiniya ne, a gwada wannan a gwada wancan a ga wanda zai tashi. Ni ban ga laifin gwajin ba

Alhaji Ɗan Maraɗi: Ni har yanzu ina kan bakata. Magani mai ɗaci ya ba su suka warke suka kore shi, waɗanda suka zo bayansa suka tarar da asusu da ɗan dama. Faɗuwa zaɓe ba shi ke nuna mutum bai yi aiki ba

Kwamared Sale: Kuma cin zaɓe ba shi ke nuna yayi ba, mun yarda. Amma Alhaji kai da kanka in kwastomominka kashi ɗaya cikin uku suka gudu cikin shekara huɗu me za ka kira kanka?

Alhaji Ɗan Maraɗi: Hhhh Kwamared ka iya ramuwa. Zan ce kasuwa ce ta juya

Malam Lauya: Ƙarin bayani kaɗan don kar a ɗauka bai iya siyasa ba sam. A Yuni 2017 jam'iyyar Finns ta zaɓi Jussi Halla-aho shugaba, mai tsananin ra'ayi a kan baƙi, Sipilä yace bazai yi aiki da shi ba. Ya kama hanyar Naantali inda gidan hutun shugaban ƙasa yake zai miƙa murabus, yana hanya 'yan majalisa 20 suka ɓalle daga Finns har da ministocinsu suka ce suna tare da gwamnati, sai ya juya mota ya koma. Gwamnati ta tsira da shekara biyu. Waɗanda suka ɓallen a zaɓen 2019 ko kujera ɗaya basu samu ba, Finns ɗin da suka bari ta ci 39.

Ummu Aisha: To yanzu gyaran asibitocin an haƙura da shi kenan?

Na Oulu: An yi shi Anti, amma ba a hannunsa ba. Gwamnatin firaminista Sanna Marin ce ta zartar a 2021 ya fara aiki Janairu 2023, yankuna 21 sai Helsinki da aka bar ta ita kaɗai, kuma aka ajiye maganar buɗe wa asibitocin kuɗi ƙofa a gefe. Jam'iyyarsa na cikin wannan gwamnatin, shi kuma yana zaune a majalisa a matsayin ɗan majalisa kawai lokacin da aka kaɗa ƙuri'ar. Bai sake tsayawa ba a 2023. Yankunan kuma tun da suka fara suke kukan kuɗi basa isa, ana ta maganar rufe ƙananan asibitoci.

Maman Sadiq: Kaga ni wannan ne ya dame ni ba waye ya ci waye ya faɗi ba. In an rufe na ƙauye tsohuwa mai ciwon ƙafa kilomita nawa zata yi a cikin ƙanƙarar nan kafin ta ga nas?

Na Oulu: A can Lapland, ƙarshen arewacin ƙasar, wasu sai sun yi tafiyar awanni kafin su kai babban asibiti, masu haihuwa ma haka

Injiniya Bala: Na gode jama'a. Zan tura wa abokin nawa duka ya karanta, duk da na san halinsa, zai tsallake komai ya tsaya a kan kashi 72 ɗin Alhaji

Alhaji Ɗan Maraɗi: Ka ba shi lambata Injiniya, mutumin kirki ne

Ɗan Autan Gida: Ni dai Injiniya in an samu buhun gawayi fa, tukunyar nan zata yi aiki da shi?